Ruwan da Inna Ta Ce Ya Yi Daidai

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta da su, har wasu sai 'ya'yana sun tuna mini nake cewa, "Au, haka aka yi?" Amma abin da ya faru a tsakar gidanmu na Lafiya washegarin sunan ɗana na fari, wannan kam sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido. Kuma abin mamaki, daga burodi ya faro.

Lokacin Lafiya tana ƙarƙashin jihar Filato, gidanmu yana bakin hanyar da ta nufi Akurba. Babanmu ya rasu muna ƙanana, Inna ce ta riƙe mu da sana'ar burodin gwangwani. 'Yan ƙananan burodi ne masu zaƙi, a gwangwanin madara take gasa su, cikin rabin duro da aka zuba wa yashi, wuta a ƙasa garwashi a kan murfi. In suka fito sai ka ga kansu ya yi tozo, ya yi ja, ka danna da yatsa ya dawo. Masu shayin tasha su ɗauka, 'yan makaranta su saya, ranar kasuwa kuma matan Kwandare da Adogi in sun sayar da doyarsu su biyo su yi wa yara tsaraba. Da wannan hannun nata aka yi mana komai, har kayan ɗakina.

Inna tana da doka guda. Za ka iya tankaɗe mata fulawa, ka shafa wa gwangwani mai, ka hura wuta, amma ruwan yis ba mai taɓa mata. Ita za ta ɗora shi, ta sauke, ta sirka da na sanyi, ta tsoma ƙaramin yatsanta na dama ta ce, "Ya yi daidai." Sai ta zuba sukari da yis ta rufe da faifai, kafin ta gama auna fulawa ya yi kumfa. Tun ina yarinya na taɓa miƙa hannu zan gwada, ta make ni da ludayi. Ban ƙara ba.

Da cikina na fari ya tsufa aka kawo ni gida goyon ciki, cikin damina. Tun ranar da na sauka na ga fuskar Inna ba daidai ba. Da safe na gane dalili. Ta yi kwaɓi ta rufe, muka jira, muka ƙara jira, rana ta take, aka buɗe fanteka, kwaɓi yana nan kwance yadda aka ajiye shi. Ta daure ta gasa. Abin da ya fito, wallahi in ka jefi kare da shi sai ya yi ƙara. Wani mai shayi da ya fi shekara goma yana ɗauka a wurinta ya juya ɗaya a hannu ya ce, "Inna, wannan na ci ne ko na gini?" Ta yi dariya, amma da ya fita sai ta zauna a kan turmi tana jujjuya burodin a hannu.

Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na ce yis ɗin ne ya mutu. Ta ce sabon gwangwani ne. Na ce to sabon ma ya mutu, ai ba a hannun mala'iku aka saye shi ba. Aka sake wani daga wani shago, bai tashi ba. Muka koma kan fulawa. Shekarun nan ne da gwamnati ta hana shigo da alkama, fulawa ta yi wuya, kowa ya san ana cakuɗa ta da garin rogo. Inna ta roƙi wani direba ya taho mata da ita tun daga Makurɗi. Aka kwaɓa, shiru. Ta rage sukari, ta ce wataƙila zaƙin ne ya yi masa nauyi. Ta daina zuba gishiri kusa da yis. Ta bar ruwan rijiya ta koma na sama da muka tara. Ta ce sanyin damina ne, ta naɗe fantekar da bargon Baba ta kai bakin murhu, ta kuma ƙara wa ruwan yis ɗin wuta. Duk a banza.

A kwanakin na lura yatsunta suna yawan yin bororo. Na tambaye ta, ta duba hannun kamar na wani ta ce, "Oho, duro ne. Mai gashi ai ba ta rabuwa da ƙuna." Na yarda, don tun tasowata da tabon wuta na san hannunta.

Sai ga Goggo, ƙanwar Babanmu, ta zo zaman jiran haihuwa. Goggo ba ta taɓa ganin abu ya lalace da kansa ba, sai da mai lalata shi. Da farko ni ta ɗora wa. Ta ce mai ciki tana leƙa kwaɓi, ina zai tashi, nauyin cikin ne ya danne shi. Aka kore ni ɗaki duk safiya, ina jin haushi kamar in fashe. Bai tashi ba. Na leƙo ta taga na ce, "Goggo, yau kuma cikin wa ya danne shi?" Ta ce in bar ganin ina da ciki, za ta ci mini mutunci.

Ana nan, rana ɗaya tak, kwaɓi ya tashi. Ya kumbura har ya ɗaga faifai. Ran nan Inna ta sirka ruwanta ke nan awakin maƙwabta suka faɗo mana cikin masarar bayan gida, ta fita kora da gyaran shinge, ta daɗe kafin ta dawo ta zuba yis. Ba wanda ya kawo wannan a ransa. Abin da Goggo ta gani daban ne: ran nan maƙwabciyarmu ba ta gari.

Maƙwabciyar nan 'yar Tibi ce, Kirista, muna ce mata Madam. Zana ce kawai ta raba gidanmu da nasu. Doya da lemo take sarowa daga ƙauyukansu, kuma duk safiya sai ta shigo ɗiban wuta, ta tsaya kan Inna suna hira. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Ita ta zauna da Inna kwanakin takaba, ita ta riƙa ciyar da mu lokacin. Amma Goggo ta tafa hannu ta ce, "Kun gani? Ranar da mai idon nan ba ta leƙo ba, ga shi ya tashi." Inna ta ce, "Haba, ki ji tsoron Allah." Ta faɗa da baki, amma washegari da kwaɓi ya sake kwanciya, na ga ta jawo faifai ta rufe fanteka da ta ji takun Madam. Madam ma ta gani. Ta ɗebi wutarta ta fita, daga ranar ta koma ɗiba a wani gida.

Cikin wannan hali na haihu, namiji. Inna ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ni ba ta kiran sunana saboda 'yar fari ce, "ke" nake a wurinta, amma jikan nan tun ranar farko ta ce ta yi sabon ango. Wata tsohuwar ungozoma ce take zuwa yi masa wanka har a yi suna, haka ake yi. Ni kuwa Inna ce take yi mini wankan jego da ganye da tafasasshen ruwa. Na yi ihu, na ce, "Inna za ki kashe ni!" Goggo tana daga waje tana dariya, wai 'yan zamani ba su da ƙashi. Wace mai jego ce ba ta ihu? Ba wanda ya ɗauki kukana a bakin komai, har ni kaina.

Burin Inna guda ne, ranar suna kowa ya ci burodinta. Ta ce shekara da shekaru tana gasa wa sunan 'ya'yan mutane, ba za a yi na angonta da na kanti ba. Ta haɗa fulawa mafi kyau, sabon yis, har da bota da ƙwai. Ta yi bisimilla ta fi a ƙirga. Da aka buɗe fanteka, kwaɓin nan ko motsi. Aka yi suna da waina da tuwon shinkafa, mata suna shigowa suna tambaya, "Ina burodin gida?" Inna tana cewa yana tafe. Da yamma na same ta a bayan madafa tana share ido da bakin zane. Ta ce, "Ke, albarkar hannun nan ta ƙare. Gobe zan bayar da duron." Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ran nan.

Washegari ungozoma ta gama nata, wankan jariri ya dawo hannun kaka. Hantsi ya fito, Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kawo baho, ta juye ruwan zafi, ta ƙara na sanyi. Ina zaune a gefenta a kan kujera 'yar tsugunno. Ta tsoma yatsa, ta ɗan ƙara na zafi, ta sake tsomawa ta ce, "Ya yi daidai." Ta miƙe ƙafafu, ta karɓi yaron ta tuɓe shi ta kwantar a cinyarta tana yi masa wasa: "Ango, yau amarya ce da kanta za ta wanke ka, ka bar wannan tsohuwar."

Sai sabulu ya suɓuce mata ya faɗa baho. Ta sa hannun dama tana lalube, na hagu yana tallafe da kan yaro. Na ce bari in ciro miki. Na tsoma hannu.

Wayyo Allah! Ban san lokacin da na ƙwalla ƙara na yi baya na faɗi daga kan kujera ba. Ruwan nan da za ka sa kaza a ciki sai gashinta ya tuge. Yatsuna suka ɗau raɗaɗi nan take. Na ɗaga ido, abin da na gani ya fi ƙunar ciwo: hannun Inna yana cikin ruwan har wuyan hannu, tana ta lalube hankalinta kwance. Ta dube ni ta ce, "Ke lafiya? Kunama ce?"

Na rarrafa na fizge ɗana daga cinyarta, abin da ban taɓa zaton zan yi wa uwata ba. Na ce, "Inna, cire hannunki! Cire!" Ta ciro shi. Ya yi jajir, fatar bayan yatsun ta fara tashi. Ta tsaya tana kallonsa, ta kalli bahon, ta kalli yaron da yake tsala kuka tsirara a ƙirjina. Ta ce a hankali, "Ai da ɗumi ne kawai." Goggo ta fito da gudu ta taɓa ruwan da ɗan yatsa, ta yi tsalle tana salati.

Ihun da na yi ne ya kawo Madam. Ba ta bi ta ƙofa ba, zanar ta ture ta shigo, duk da fushin da take yi. Ta dubi bahon yana tururi, ta dubi hannun Inna, ba ta tambayi kowa ba ta jawo tulu ta tsoma hannun cikin ruwan sanyi. Can ta zare tsinke daga tsintsiya ta ce, "Inna, kai ka rufe ido." Inna ta rufe. Ta soka mata a hannun hagu, Inna ta zabura. Ta soka a ƙaramin yatsan dama, ta soka a na kusa da shi, ta bi gefen tafin, har na ga wurin ya lotsa. Inna tana zaune ido rufe tana cewa, "To ki fara mana." Madam ta ɗaga mata hannun riga. A damtsenta akwai wani tabo mai haske da muka daɗe muna ce masa ƙyasfi. Ta soka a nan ma, shiru.

Madam ta ajiye tsinken ta ce, "Babana haka ya fara. Jin zafi ne yana fara tafiya, kafin sauran." Ba ta faɗi sunan ciwon ba. Inna ce ta buɗe ido ta faɗa da bakinta, muryarta ba ta ko rawa ba: "Kuturta."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ji kamar an ɗauke ƙasar da nake zaune a kai. A lokacin, kuturta a wurinmu ita ce mutanen da muke gani a bakin kasuwa da dungulmin hannu. Na dubi yatsun da suka ciyar da ni, na kasa haɗa su da wannan kalma. Goggo ta ja da baya har ta jingina da bango. Inna kuwa ba ta yi kuka ba. Abu biyu ta faɗa. Ta ce, "Da na dafa yaron nan." Can kuma ta ce, "Wa zai ci burodin kuturwa?"

A nan ne abin ya faɗo mini. Na ce, "Inna, yis ɗin! Dafa shi kike yi!" Watanni tana sirka ruwa sai yatsan ya ji ɗumi, yatsan kuwa ba ya ji sai ruwa ya kusa tafasa. Duk sabon yis da muka saya a ruwan zafi ya mutu. Ranar da awaki suka shiga masara, ruwan ne ya huce kafin ta dawo. Ba fulawa ba ce, ba damina ba, ba cikina ba, ba idon kowa ba. Na juya na dubi Goggo, ta sunkuyar da kai. Inna ta kama zanen Madam da hannun hagu ta ce, "Ki yafe mini, na rufe miki faifai." Madam ta ce, "Bar wannan magana. Gobe kai da ni za mu je asibiti."

Ita ta kai ta, wani asibitin mishan da ke wajen gari inda aka yi wa babanta magani. Ni ina jego ba a bar ni na fita ba, na wuni ina leƙen ƙofa. Da suka dawo Madam ce ta ba mu labari. Likita ya tabbatar, amma ya ce sun zo da wuri, in ta riƙe magani yadda aka ce yatsa ko ɗaya ba zai tafi ba, kuma da ta fara sha ba za ta shafa wa kowa ba. Wai ya tambaya me ya sa suka gane da wuri haka, don yawanci sai hannu ya lalace ake kawo masa. Inna ta ce masa, "Burodi ne ya ƙi tashi."

Duk da haka Inna ta ƙi taɓa yaron. In na miƙa mata sai ta ɓoye hannu a zane ta ce, "Ango ya yi haƙuri, amarya tana da uzuri." Wannan ya fi komai ci mini rai. Magana kuma ta fita, kun san gari. Masu shayi suka ɗauke ƙafa, masu zuwa barka suka riƙa tsayawa daga zaure.

Da ƙunar ta warke, likita ya sake tabbatar mata ba za ta shafa wa kowa ba, sai wata safiya na ɗora ruwa da kaina. Na sirka, na gwada, na ajiye a gabanta na ce, "Inna, yau ni ce yatsanki." Na zaci ludayi zai biyo baya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta zuba sukari da yis ta rufe. Kafin a gama tankaɗe, kumfa ta taso har tana zuba. Ta kwaɓa, ya tashi ya ture faifai. Da ƙamshi ya cika unguwa, Madam ta shigo ta ɗauki tire ɗin gaba ɗaya ta kai ƙofar gida, ta zauna a bakin hanya inda kowa zai gan ta. Ta ɓare ɗaya ta ci, ta kira 'ya'yanta ta ba kowa. Duk wanda ya wuce sai ta ɗaga murya: "Ni na ci, 'ya'yana ya ci! Kai ka fi mu son rai ne?" Ran nan mutum biyu suka saya. Wasu sun dawo a hankali, wasu har abada ba su dawo ba. Da ta shigo da sauran, na ɗauki yaron na ɗora wa Inna a cinya ban tambaye ta ba. Wannan karon ba ta ɓoye hannun ba.

Ta shanye maganinta ta warke, sai dai jin zafi bai dawo wa yatsun nan biyu ba. Ta koma gwada ruwa da gwiwar hannun hagu, kuma ko baƙo ne a gidan sai ta ce, "Zo taɓa mini." Matar da ta make ni da ludayi! Ta yi shekaru tana gasa burodinta, angon nata ya girma a kansa.

Ranar da Allah Ya karɓi abarSa, ni na sirka ruwan da aka yi mata wanka. Na gwada, na sake gwadawa, na ƙara na sanyi, alhali na san ba za ta ji ba. Da na zo kan hannun dama na riƙe shi na daɗe. Yatsunta biyar cif, ba wanda ya ragu.

Abin da na koya ke nan. Mun yi watanni muna tuhumar yis da fulawa da ruwa da maƙwabciya, ba wanda ya ce, "Inna, kawo hannunki mu gani," alhali bororon yana gabanmu kullum. Tun daga lokacin, in na ga aikin da mutum ya ƙware a kai ya fara lalacewa a hannunsa, ba kayan aikin nake fara dubawa ba, ba kuma maƙiyi nake nema masa ba. Shi nake fara duba, in tambaye shi lafiyarsa.